Kindirmon Bazara

Shekarar da muka yi aure, ni da Malam mun daɗe muna jayayya a kan lokacin da ya kamata mu je gaida Goggo. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama har aka sa ni makaranta a Katsina. Ta yi aure a wani gidan Fulani a bayan Wagini, cikin ƙasar Batsari, irin waɗanda suke noma suna kuma kiwo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune tare da 'ya'yanta maza da matansu. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa bikina, don haka ba ta taɓa ganin mijina ba, shi ma labarinta kawai yake ji. Labarin kuwa rabinsa na kindirmo ne. Duk sanda ya sayo nono a hanya na ɗanɗana, sai in taɓe baki in ce ai bai sha na Goggo ba. Da haka har ya ɗora wa ransa.

Ni na ce kaka za mu je, na kuma zauna na lissafa masa dalili. Da damina nono kamar a yi wanka da shi, amma bai da kauri, ga rafuka suna yanke hanya, ga shi a shekarun nan idan gero ya yi tsawo ba mai son bin hanyar daji. Da kaka kuwa shanu suna cikin gonaki suna cin harawa da kara, nonon ya yi kauri, mai ya taso, ga sabon gero na fura. Daga nan abin sai ja da baya. In rani ya yi nisa samari su kora garke kudu neman ciyawa, a bar wa gida saniya ɗaya ko biyu. Bazara kam ba a maganarta.

Malam ya saurare ni tsaf, don shi ba ya katse mutum, amma kuma ba ya sauka daga kan maganarsa. Ya ce ya san mutanen birni masu zuwa ƙauye da kaka. Su zo da sabulu sanda biyu, su koma da buhun gero da wake da kaji a bayan mota, wai sun je zumunci. Shi ba zai fara zuwa gidan surukai a sa shi cikin irin waɗannan ba. Zumunci na gaskiya shi ne ka je lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ka kai, ba ka karɓo ba. Ga hanya a bushe, ga hutun makaranta, tunda mu duka biyu koyarwa muke yi.

Maganarsa ba ta da aibu, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Na ce masa ba za a samu nono ba. Ya yi dariya ya ce, "A gidan Fulani? Ke dai faɗi wata maganar." Ina amarya, ban so a ce daga zuwana na fara ja da miji. Muka sayi shinkafa da taliya da sukari da man gyaɗa, muka kama hanya ana tsakiyar zafin bazara.

Daga Batsari muka saki kwalta. Gonaki fayau, babu ko kara, sai itatuwan gawo da aka sassare wa rassa don dabbobi. Malam yana tuƙi yana yaba kyan hanya, yana waiwayo ni don in shaida.

Goggo ta fito tana ɗingishi, ta rungume ni, ta yi guɗa. Da ta ga Malam ya durƙusa sai ta ja mayafi ta juya gefe, kamar yadda ake yi wa suruki. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gajiya da ta zafi da ta mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Aka shigo da kayan da muka kawo, ta sa albarka har ta gaji. Daga nan Malam, cikin fara'arsa, ya ce, "Goggo, ni fa kindirmonki ya kawo ni. An hana ni sakat da labarinsa."

Ta ce, "Ai ko ka sha shi, Malam, in Allah Ya so."

Na kalli fuskarta. Babu abin da ya motsa a cikinta.

Da la'asar na zagaya bayan gida inda ake ɗaure dabbobi. Kamar yadda na zata, 'ya'yanta sun tafi da garken, ɗan abin da ɓarayin shanu suka bar musu. Saniya ɗaya ce a turke, fara, tsohuwa, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Na san ta. Jikar saniyar da kakanmu ya ba Goggo ce lokacin aurenta, kuma a duk garken ita kaɗai ce tata ta kanta. Maza ta yi ta haifa ana sayarwa, sai a wannan shekarar, da tsufanta, ta haifi mace. Maraƙar tana ɗaure a gefe, ba ta fi wata biyu ba, ƙafafu dogaye, ido manya. Matar babban ɗan Goggo ta gaya mini cewa tun da zafi ya shigo aka daina tatsar uwar. Ɗan abin da take samarwa daga dusa da 'ya'yan gawo, na 'yar ne. Su kansu mutanen gidan da tsamiya suke dama kunu.

Washegari da sassafe na tarar da Goggo a wurin da ƙwaryarta. Yadda ake tatsa, sai an saki maraƙi ya fara tsotsa nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure kusa da uwar, a tatsa, a bar masa saura. Goggo ta saki maraƙar ta kama, nono ya sauko, ta janye ta. Ta tatsa, ta tatsa, har sai da ya daina zuwa. Da ta sake sakin maraƙar, ta yi ta tunkuɗar hantsar da ka, babu komai.

Na ce, "Goggo, me ke nan? Bari in gaya masa, ai mai hankali ne, zai gane."

Ta ce, "Ki hwaɗa mashi mi? Ya taso tun daga birni, ya sha rana, ki ce mashi gidan Goggo babu nono?"

Na ce to a aika kasuwa a sayo. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Na kasuwa? Wanga lokaci? Garin madara na kanti suka damawa su zuba tsamin kuka, su ce nono. Shi za ni ba surukina? Ɗiyata, in kika buɗe baki kika hwaɗa mashi, ban yahe maki ba."

Goggo ba ta taɓa yi mini irin wannan magana ba, ko lokacin da na fasa mata babbar ƙwarya ina yarinya. Ta juye madarar a wata ƙaramar ƙwarya mai tsafta, ta ɗiga ɗan tsohon nono da ta roƙo a maƙwabta, ta rufe da faifai ta kai ɗaka. Da yamma ta sake tatsa ta ƙara a wata.

Gaskiya kindirmon ya yi kyau. Saniyar da ba ta samun ɗanyar ciyawa nononta kaɗan ne, amma ludayi yana iya tsayawa a cikinsa. Aka kai wa Malam a inuwar darbejiya da fura curi biyu. Ya ɗaga faifai, ya yi bisimilla, ya kai ludayi ɗaya baki, sai ya lumshe ido. Ya shanye tas, ya kankare ƙwaryar, jikokin Goggo suna tsaye daga nesa suna kallo. Ya kira ni ya ce, "Ke da kika ce ba za a samu ba?" Na ce ai ga shi an samu.

Kwana biyu muka yi niyya. Malam ya ce ina za shi ya bar wannan ni'ima, hutu ai bai ƙare ba. Ya saba da dattawan garin, yana bin su masallaci, yana zama ana hirar yaushe ruwa zai sauka. Kowa ya so shi, don mutum ne mai sauƙin kai. Kullum da hantsi ƙwaryarsa tana jiransa. Kullum da sassafe ni kuma ina bayan gida ina kallon maraƙar. Goggo tana dama mata ruwan dusa da ɗan gishiri tana ɗura mata, amma cikinta bai isa karɓar wannan ba. Da farko tana kuka in an janye ta daga uwar. Daga baya ta daina, sai ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa. Uwar ce ta karɓi kukan.

Malam ya ji kukan saniyar ya tambaya. Goggo ta ce daga bayan zana, "Zahi ne, Malam. Haka su kan yi in ruwa ya kusa."

Na gwada dabaru irin na mata. Na ce masa kindirmo da yawa yana sa kasala, ya ce kasalar me, ai hutu yake yi. Na ce ina jin zazzaɓi, mu koma gida, ya je ya samo mini magani a Wagini. Na ji haushinsa a kwanakin nan, na ji haushin Goggo, amma ban ga wanda zan kama da laifi ba. Shi ya zo ne don kada a ce ya zo ci. Ita kuma ta fi son komai ya faru da a ce suruki ya nemi abu a gidanta bai samu ba.

Ana gobe za mu tafi ya ɗauko wata 'yar jarka daga mota, ya wanke ta da kansa. Ya ce Hajiya, mahaifiyarsa, tana son kindirmo, ba zai kyautu ya sha shi kaɗai ya koma mata da labari ba. Ya miƙo mini in kai wa Goggo. Na tsaya da jarkar a hannu ina tunanin in ce ta faɗi ta fashe. Goggo ta hango ni, ta miƙo hannu ta karɓa. Tatsar yamma da ta safe ta haɗa, da ɗan abin da ta ɓoye, jarkar ta kusa cika. Da muka zo tafiya na leƙa bayan gida. Maraƙar ta miƙe da ƙyar, ƙafafunta na baya suna rawa.

Hajiya ta sha ta sa albarka. Malam kuwa ya samu abin faɗa. Duk abokin da ya zo gidanmu sai ya ji labarin, har da shawara: in mutum yana son kindirmo na gaske, ya je ƙasar Batsari da bazara, lokacin da nono ya fi kauri, kuma ba cunkoson 'yan neman tsaraba. Ina jin su daga ɗaki. Wani ma ya ce zai gwada.

Da kaka ta yi na koma ni kaɗai, Malam aiki ya riƙe shi. Gari ya canza kamar ba shi ba. Dammunan gero a ko'ina, ana ta ɗaurin harawa, garken ya dawo yana kwana a gonar bayan gida. Tun kafin in zauna aka dire mini ƙwarya cike, mai yana yawo a kai, yara ma kowa da tasa. Na sha kaɗan, na tashi na zagaya.

Farar saniyar tana nan, ta ɗan yi ƙiba. Ita kaɗai ce, hantsarta ta bushe. Na duba cikin maruƙan da ke ɗaure a igiya, ban ga wadda nake nema ba.

Goggo ta biyo ni da sandarta. Ban tambaya ba, ita ta faɗa. Bayan tafiyarmu ta bar wa maraƙar nonon duka, amma ƙarfin tsotsar ma ya ragu. Maraƙar ta ja har ruwan farko. Da sabuwar ciyawa ta fito ta ɗan taɓa, sai zawo ya kama ta, jikin kuma babu abin da zai tare. Da aka ga ba za ta tashi ba aka sa wuƙa.

"Kwananta ne ya ƙare," in ji Goggo.

Na ce uwar fa, ko za ta sake haihuwa?

Ta ce haƙoranta sun zube, yaran sun ce a kai ta kasuwa kafin rani, tun tana da ɗan nama a jiki. Ta faɗi haka tana cire mata kaska a wuya. Ina so in ce wani abu game da saniyar kakanmu, na ga ba ni da abin da zan faɗa wanda ba ta sani ba.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shi Malam, mi ya ce da kunka koma?"

Na ce ya ce bai taɓa shan kindirmo irin nata ba.

"Gaban mutane ya hwaɗa, ko ke ɗai?"

Na ce gaban kowa. Abokansa duk sun ji, Hajiya ma ta ji, har yanzu bai daina faɗa ba.

Ta gyaɗa kai, ta jefar da kaskar, ta goge hannu a zaninta.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Maraƙar ba ta tahi a banza ba."