Ka Ci Abinci?

Mahaifina mai gyaran keken ɗinki ne, kuma a wajensa babu na'urar da ke mutuwa, sai dai ta gaji. Shagonsa na jingine da bangon gidanmu, cike da kawunan kekuna da gwangwanayen kusoshi, ga warin mai da ya kama rigunansa har sabulu ya haƙura. Ka kawo masa keken kakarka, zai murza, ya kasa kunne, ya ce, "Wannan ai yaro ne." Taurin kai gare shi. Ni ce autarsa, na kuma gado shi, shi ya sa ba ma rabuwa da musu.

Musunmu mafi tsawo a kan akwatin wayfay ne, wanda kamfanin intanet ya kafa mana a falo. Ya tsufa tukuf. Kana hira da yayata ta bidiyo, sai fuskarta ta daskare baki buɗe. A kicin sai ka yi ta ɗaga waya sama, shago kuwa bai taɓa kaiwa ba. Na je kasuwa na sayo wani, ba na kamfanin ba, mai ƙahoni huɗu. Baba ya ce kar na kuskura na taɓa tsohon.

Na san inda gizo ke saƙa. Ranar da aka kafa akwatin, ma'aikacin kamfani ya tambayi sunan da za a sa wa wayfay ɗin. Mama na tsaye da ludayi a hannu, ta ce a rubuta "Ka ci abinci?", tambayar da take leƙawa shago ta yi wa Baba kowace rana, shi kuma ya ce anjima. Aka yi dariya, aka rubuta. Bayan rasuwarta, in ya rufe shago da yamma ya shigo falo, sai ya ja fuskar wayarsa ƙasa, ya ga tambayar, ya ce a hankali, "Yanzu zan ci." Abincin rana kuwa ya daina shi gaba ɗaya. Ya rame har ya ƙara wa bel ɗinsa huda, abin yana ci mini rai.

Wata safiya na same shi a shago.

"Baba, akwatin nan fa ya gama aiki."

"Kawo in buɗe shi. Ƙila mai yake so."

"Ba keke ba ne, Baba."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Auta, maganar mamanku tana cikinsa. In kin cire shi, shi ke nan."

Ashe a zatonsa sunan a jikin akwatin yake, kamar tambarin da ake bugawa a kan keke. Na ce masa rubutu ne kawai, sabon ma zai karɓa. Ya harare ni ta saman tabarau.

"Gani ya kori ji. In bai yi ba, ki mayar mini da abina."

Bai yarda ya zo kallo ba. Na zare kebul ɗin kamfani daga tsohon, na soka a sabon, fitilu suka kama. Na sa kalmar sirri irin ta da, sannan na rubuta sunan harafi bayan harafi. Da na iso alamar tambaya, sai da na tsaya na share ido. Wayata ta haɗu da kanta, kamar ba a canja komai ba. Na leƙa in kira Baba, na tarar yana ciniki da wata tela, na bar shi.

Rana na tsaka, ina kicin, na ji an ja ƙofar shago. Baba ba ya rufe shago da rana ko ana ruwan sama. Ya shigo riƙe da waya, yatsansa ya bar tabon mai a fuskarta.

"Auta, ashe sabon naki har shago yake kaiwa."

"Ai na gaya maka."

"To, ta biyo ni can." Ya kalli wayar, ya kalli tukunya. "Zuba mini. Yau ba zan ce mata anjima ba."