Shekarar da Baba ya sauya birkin gaba

Mahaifina direba ne tun kafin a haife ni. Motarsa doguwa ce, 'yar Kwatano, yana ɗaukar fasinja da buhunan shinkafa daga Bagudo zuwa Kaoje da Tsamiya, can bakin iyakar Benin. Wata damina ya kwanta jinya. Da ya warke ya koma aiki, sai ya riƙa dawowa gida da ƙorafi guda: birki ba ya kamawa.

An sauya takalman birkin, an zuba sabon mai, ya ce har yanzu. Ni lokacin ina koyarwa a Zagga, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Na karɓi motar na zaga, na taka, ta tsaya cak. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ba kaya cikinta. Loda mata buhu ka gani." Ban yi musu ba. Wa zai koya wa kifi iyo?

Daga baya ya yanke shawarar sa mata manyan kalifa. Kalifa shi ne ƙarfen da ke damƙe faifan taya idan an taka birki, kuma babba ya fi ƙarfin damƙa. Wata Asabar muka tafi Tsamiya wurin wani tsohon bakanike, mutumin Dandi, abokinsa tun suna samari. Ya riga ya samo kalifan a tsallaken iyaka, an ciro su daga wata mota da ta fi tamu girma.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Da aka ɗaura su, wilin ya ƙi zama, yana gogar ƙarfen. Sai da ɗan kabu-kabu ya ƙetara iyaka ya kawo wasu wili masu faɗi. Muka yi azahar a nan, muka ci soyayyen kifi da garin rogo, su biyun suna hirar direbobin da suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya rage shi ne fitar da iska daga bututun mai. Mutum ɗaya ke taka birki ya riƙe, ɗayan ya kwance ɗan noti a jikin kalifa. Baba ya shiga mazauninsa, bakaniken ya kwanta a gefen taya.

"Taka. Ƙara. To, riƙe."

Kafin bakaniken ya ɗaure notin, fedar birkin ta dawo sama, iska ta koma. Aka sake, haka ta sake faruwa. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: gwiwar Baba ta dama tana rawa, ya dafa ta da hannu yana danna ta ƙasa. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Na kau da kai, don kada ya san na gani.

Bakaniken ya taso, ya goge hannu, ya daɗe yana kallon abokinsa. Sannan ya ce, "Aboki, hito ka tsare min kwalbar mai, kar ta ƙahe. Idonka ya hi na yaron ga sanin ma'auni. Bari shi ya taka."

Baba ya fito ya koma wurin kwalbar man. Na shiga na taka, aiki ya ƙare.

Baba ne ya tuƙo mu gida. Kusa da Kaoje garken shanu ya yanko hanya, ya ɗan taɓa birki, motar ta durƙusa har na dafa gaba. Ya yi murmushi. Na ji daɗin murmushin, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Na sha tambayar kaina ko tun farko ya san ba motar ce ta raunana ba. Ina ganin ya sani. Mutumin da ya ci da iyali da ƙafar nan ba zai furta hakan rana ɗaya ba, sai ya gwada duk abin da ƙarfe zai iya yi masa. Kuma ƙarfen ya yi: ya ci gaba da aiki lafiya har aka gama girbin shinkafa, ko da yake ya daina zuwa iyaka, sai gajerun hanyoyi.

Wata safiya muna karyawa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka nemi izini wurin aiki ka kai ni Birnin Kebbi. Ina son a duba min ƙahwar ga."

Likita ya ce jijiya ce, za ta yi sauƙi amma ba za ta koma kamar da ba. Baba ya saurara, ya yi godiya. Daga nan ɗan ƙaninsa ya karɓi motar, shi kuma ya koma zama a tasha yana tsara layin lodi.

Ranar da muka dawo daga asibitin ni ke tuƙi, yana gefena yana nuna min ramuka da inda jakuna ke tsallakawa. Da muka wuce Bunza na ji shiru. Na waiga, ya jingina kai da gilashi, barci ya ɗauke shi. Na rage gudu.