Bishiya a Kan Jarumi

Kawu, kamar yadda kowa ke kiransa a ofis, ya daɗe yana zanen allunan shaguna kafin wani kamfanin wasannin kwamfuta ya ɗauke shi. Hannunsa suka gani. Aikinsa shi ne zana dazuzzukan da jarumin wasan ke ratsawa.

Sai aka kawo wata manhaja mai tsiro da bishiyoyi da kanta. Ba a zane, lambobi ake cikawa a 'yan akwatuna: yawa, tsayi, tazara. Ranar da aka koyar, Kawu ya yi ta gyaɗa kai, alhali ba abin da ya shiga. Tambaya ta yi masa nauyi a gaban yaran da a haife ya haife su. Ya karkatar da allon kwamfutarsa wajen bango, ya ci gaba da zana kowace bishiya da hannu.

A wani taro shugaban sashe ya ce, "Kawu, ɗan ƙara mana bishiyoyi a bakin kogin nan."

Idon kowa na kansa, dole Kawu ya buɗe manhajar ya buga lamba da ka. Daji ya cika kogin, ya hau gada, wata bishiya ta tsiro a tsakiyar kan jarumin.

"To, ya huta da sayen lema," in ji wani. Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ya koma gida matarsa ta tambayi abin da ya hana shi cin abinci, ya ce haƙori ne.

Washegari wadda ta rubuta manhajar, Doguwa ake ce mata, ta jawo kujera kusa da shi.

"Kawu, da buroshi ne, ya za ka cika wurin nan?"

Bai ɗago ba. Ya dai nuna da hannu. "Nan in danna, nan in sassauta."

Ta tafi ta sake fasalin abin. Yanzu alƙalami ake ja a kan allo: in ka danna daji ya yi duhu, in ka sassauta ya yi tsilli-tsilli, in ka goga da yatsa hanya ta buɗe. Masu zanen duk suka koma kansa.

Da shugaban ke gabatar da sabon fasalin ya ce, "Saboda Kawu aka yi wannan." Godiya yake nufi. Kawu ba haka ya ji ba. Dazuzzukansa sun fi na da kyau, amma har yau in Doguwa ta gaishe shi, kansa a sunkuye yake amsawa.