Awarwaron Ari a Kwatarniyar Maƙera

Ari ɗan gidan maƙeran Bande ne, amma tun yana saurayi guduma ba ta karɓe shi ba. Fartanyar farko da ya ƙera, manomin da ya saya ya dawo da ita, ya ce a ba yara su yi wasa. Sai Ari ya bi motar wake ya tsallaka Najeriya, shekara goma sha ɗaya ba labari. Ya dawo da baƙin tabarau, da tsinkayen ƙarfe a buhu, da "mu a Bida" da yake sakawa ko a gaisuwar mutuwa. A can, in ji shi, ya koyi narkar da kwalba ya mai da ita awarwaro da duwatsun wuya.

Abu ɗaya yake nema: a ba shi gefe a rumfar maƙerar ubansu ya gina murhunsa, a daina kallonsa kamar baƙo a gidansu. Rumfar kuwa tana hannun wansa Hammadu, Sarkin Maƙera, wanda bai taɓa ganin aikin wuta ya ce bai iya ba. Hammadu ya ce to, ya gwada gaban jama'a ranar kasuwa, in ƙira ce za a gani.

Ari ya bi gida-gida yana gayya, har da mai gari da mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. Ya tara korayen kwalaben lemo ya farfasa. Da hantsi rumfa ta cika. Ya tsaya ya zuba bayani har ƙafafun mutane suka yi tsami: shinkafar Bida, ruwan Bida, yadda Turawa ke ɗaukar hotonsa. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, cewa kwalba in ta fito daga wuta a toka mai ɗumi ake binne ta, ta huce a hankali.

Gaskiya, da ya yi shiru ya kama aiki, hannun ya iya. Kwalba ta yi jawur, ta yi laushi kamar alewa. Ya ɗebo da tsinke yana juyawa, ya zura na biyu yana buɗa zoben, har ya zama awarwaro. Mata suka daina surutu. Gimbiya, matar Hammadu, ta dubi awarwaron ta dubi wuyan hannunta.

Hammadu ya ga wannan kallon. Ya miƙe ya ɗauki awartaki.

"Kawo nan, ƙane, in ƙarasa maka."

Ya kama awarwaron ya nufi kwatarniyar ruwa, inda ya shekara arba'in yana tsoma duk abin da ya fito daga wuta. Ari ya ga inda aka dosa. Bakin nan da tun hantsi yake zuba ya buɗe, amma ta yaya ƙane zai ce wa wansa, Sarki guda, "kada", ga mai gari zaune?

"Yaya," ya ce, "a hankali."

Hammadu kuwa ya tsoma a hankali. Aka ji tas. Ya ɗago awartaki ba komai a bakinsa, ya leƙa kwatarniya, ya juyo ga jama'a ba ko kunya. Ya ce da ma gwadawa ya yi, kuma an gani: abin da ke tsoron ruwa ba ƙira ba ne, ba za a hura masa gawayi a rumfar ubansu ba. Dattawa suka gyaɗa kai, don duk fartanyoyinsu a hannunsa suke.

Yanzu Ari yana Magariya, a wata 'yar rumfa bayan tasha, tsakanin mai faci da mai soya awara. Matan fatake na saye, na Bande ma suna aikowa a ɓoye. In wani ya tuna masa da ranar, yana son jin ya zagi wansa, sai ya gyara tabarau ya ci gaba da juya tsinke.

"Ai Yaya gwadawa ya yi," yake cewa. "Shi ya san ƙira."