Alwalar Kawu Hamissou a Japan

Kawu Hamissou fa direban Uber ne a Largo, amma a bakinsa babu ƙasar da bai sani ba. Bara ya je Japan, aka kai shi wani tsohon wurin ibadar 'yan Buddha a Shikoku, inda masu ziyara ke yawo da fararen kaya. Yana ganin ruwa da ludayi a ƙofa ya ce ai masallaci ne, ya zabga alwala har ƙafa yana neman alƙibla! Shi da kansa ya turo bidiyon a group ɗin dangi wai a yaba masa. Yayarsa Kaltume ta ce, "Hamissou, gunkin bayanka ne liman?" Tun ranar sunansa Alwala, ba mai sauraron cika bakinsa kuma.