Bindigar Mati da Romon Mai Jego

Ni ban yi boko ba, don haka kada kowa ya tambaye ni shekara da lamba. Abin da na riƙe shi ne, Mati ya fara maganar bindigar nan a shekarar da kuɗin cizo suka mamaye New York, wato shekarar da aka ɗaura auren 'yarsa Rakiya. Ya gama ta kuwa bayan guguwar nan da ta cika ramukan jirgin ƙasa da ruwa. Wanda ya iya lissafi ya lissafa.

Ku da kuka san ƙanena Mati kun san idonsa. Ba ya duban abu da ido biyu. Sai ya runtse na hagu, ya karkata kai, ya ce, "Da saura kaɗan." A masallacinmu na unguwar University Heights liman zai ɗaga hannu zai yi kabbara, Mati yana can ƙarshen sahu ido ɗaya a rufe, yana tura ƙafafun manyan alhazai. Labulen shagona bai tsira ba. Ɗaurin ɗankwalina ma ranar biki, ni da na goya shi, sai da ya ce da saura kaɗan.

Mahaifinmu maharbi ne, can ƙauyenmu bayan Tasawa, kuma gidanmu yana da al'ada. Duk 'yar gidan da ta haihu, ban da ragon suna, sai an yi mata romon naman daji. Babban namijin gida ne zai harbo, da bindigar da ya haɗa da hannunsa. Baba da kansa yake sassaƙa ƙota, maƙeri ya yi masa ƙarfe. Mati kuwa tun yana yaro ko kaza za a yanka sai ya ɓuya bayan rumbu. Har Baba ya rasu bai taɓa miƙa masa bindiga ya riƙe ba. Yayyenmu maza suka bi Baba ɗaya bayan ɗaya, aka wayi gari babban namijin gidan maharba shi ne direban motar haya a Bronx, mai suma in ya ga jini.

Ranar da aka kai Rakiya ɗakinta, ina kankare tukwane, ya zo ya tsaya a kaina.

"Yaya, zan haɗa bindiga."

Na ce a ina. Ya ce a nan.

"A Amurka? Da gemun nan naka da hular nan taka?"

Ya ce Rakiya za ta haihu wata rana, kuma ba za a ce a kansa romon gidanmu ya yanke ba. Wallahi sai da na zauna a kan bokiti. Mu da ko a waya ba ma furta kalmar bindiga, sai mu ce "abin nan na Baba." Na tuna masa da takardun zamansa, na tuna masa da Sa'a matarsa, na tuna masa cewa ko ragon layya wani mahauci ɗan Sanagal ne yake yanka masa. Ya ce duk da izinin hukuma zai yi. Kuma ya yi! Da ƙafarsa ya je ofishin 'yan sanda, cikin babbar riga, ya dangwala musu yatsu, ya ce lasisin bindigar farauta yake nema. Mu da muke tsallaka titi in mun hango su. Watannin da ya yi yana jiran amsa, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata sai na ɗauka su ne. Ya kuma shiga ajin koyon farauta, ya zauna cikin 'ya'yan Turawa sa'annin jikokina, yana ɗaga hannu yana tambaya.

Sai maganar katako. Kun san Mati da kuɗi, shayi ɗaya yake tsomawa a kofi uku. Da aka faɗa masa farashin katakon ƙota sai ya ce ai birnin nan katako a bakin titi yake kwana. Wata safiya ya sauke fasinja a unguwar masu kuɗi ta Manhattan, ya hango gado an fitar an jingine, baƙin katako mai nauyi, irin wanda masu bindiga suke nema. Bai tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa mai kuɗi zai jefar da gado lafiyayye ba. Ya ɗaure shi a saman mota ya kawo gida.

Kafin wata ya ƙare Sa'a ta tattaro jakarta ta dawo wurina, jikinta duk ruɗu-ruɗu. Cikin jakar kuma ta taho mini da baƙi, kuɗin cizo. Katifata da na zo da ita tun gidanmu na farko a Harlem, sai da aka naɗe ta a leda aka fitar, maƙwabta suna leƙe. Na je na same shi yana goge katakonsa yana susa.

"Ki kwantar da hankalinki, Yaya. Jinin masu kuɗi suka saba sha, namu ba zai karɓe su ba."

Ya karɓe su. Har ƙiba suka yi.

Ƙarfen bindigar a wurin wani tsohon Bature maƙerin bindigogi ya saya, can arewacin birni inda gidaje suke ƙarewa daji ya fara. Shi ya haɗa masa bututu, a shagonsa ake ajiye komai. Mati ya yi ta yi mini bayani cewa tasa mai sakata ce, kamar ta ƙofa, ka ja baya, ka tura, harsashi ɗaya ya shiga, babu gaggawa, kuma irinta in an gyara ta daidai tana samun abu daga nesan da ido ba ya kaiwa. Na ce to Allah ya sa ta samo masa hankalinsa.

Ƙotar ita ce aikinsa, a teburin cin abinci. Ta farko ta tsage. Ta biyu ta yi kyau, ni kaina na yaba, amma kullum ya dawo daga aiki sai ya ɗaga ta, ya runtse ido, ya ce da saura kaɗan, ya ɗauko magogi. Yau a kankare nan, gobe a kankare can. Rannan sai ga shi a ƙofata da abu naɗe cikin jarida, yana sunkuyar da kai. Na buɗe, sai na ga muciya. Abin da ya rage ke nan. Ta uku da ya kai wa Baturen don a gwada, tsohon ya karɓa ya kulle a kabad, ya ce ba zai sake ba shi ita a hannu ba sai an ɗaura mata ƙarfe. Allah ya shirye shi, Baturen nan ya fi mu gane Mati.

Madubin hangen nesa da ake ɗorawa a kai kuwa, kafin a ɗora shi, da shi Mati yake hawa saman bene duban watan azumi. Na ce ranar da maƙwabta suka kira masa 'yan sanda kada ya ambaci sunana.

Duk wannan lokaci Rakiya shiru, ko ɓatan wata. Mata sun fara magana a wurin biki, ni kuma ina mayar musu, don ba a taɓa 'yar ƙanena a gabana. Uban nata ko a jikinsa. Wai Allah yana jiran bindiga ta kammala ne. Rakiya ta ce, rabi da Hausa rabi da Turanci, "Gwaggo, ki ce wa Baba ya daina kankarewa, ni na gaji." Ku yi dariya, amma watan da aka ɗaura ƙota ta uku, watan ta zo ta raɗa mini ta samu ciki. Daga nan babu mai iya zama kusa da Mati. Duk Lahadi yana filin gwajin harbi, ya dawo da takarda mai huji a cure wuri ɗaya kamar faɗin goro, ya manna a jikin firij. Takarda kam ta ji jiki a hannunsa.

Yaron ya zo lokacin da ganye yake zuba, daidai lokacin da hukuma take buɗe farautar barewa. Mati ya ajiye aiki, kullum yana daji, kullum ya dawo da sanyi a ƙirji da hannu wofi. Ana gobe suna na ce da ni za a je. In kama shi za a yi, a kama shi a gabana.

Ya ɗora wata riga mai ruwan lemo a kan jallabiya, wai doka ce, kada wani maharbi ya ɗauke shi barewa. Shi da Baturen suka shiga daji, ni na zauna a mota da carbi da fulas. Ban ji ƙarar komai ba. Bayan la'asar suka fito, Baturen yana girgiza kai. Ashe barewa ta zo ta tsaya musu, ƙatuwa, har tana kallonsu. Mati ya sa ido a madubi, ya ɗora yatsa a kan kunama, sai ya janye ya fara murɗa wani abu, wai da saura kaɗan. Barewa ta gaji da jira ta tafi.

Mati ya kulle bindiga a akwatinta ya sa a but ɗin mota. Baturen ya kama gabansa, mu muka kamo hanyar gida.

Ba mu yi nisa ba wani abu ya faɗo daga cikin itatuwa. Ƙara, burki, goshina a jikin gilashi. Na ɗago ina salati, sai ga barewa kwance a gefen titi tana numfashi. Kafin in gama salatin Mati ya fizgi wuƙar farautarsa ya fita. Mati fa! Ya juya ta gabas, ya ce in danne ƙafafu, ya yi bisimilla ya yi kabbara da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya yanka. Yanka mai kyau, irin na Baba. Barewa ta shure ni a ƙwauri, har yau tabon yana nan. Ya miƙe, ya dubi hannunsa, ya dubi jinin, ya ce "Yaya," ya zube a kanta sumamme.

Na zare wuƙar daga hannunsa kada ya ji ciwo. Daidai nan fitilu ja da shuɗi suka tsaya a bayanmu.

Ku dubi abin da ɗan sandan nan ya tarar. Tsoho mai gemu kwance cikin jini, tsohuwa da hijabi tsaye a kansa da wuƙa, ga bindiga a but. Turancina na kasuwa ne: nawa, babu ragi, sai gobe. Ya yi tsawa, na ɗaga hannu biyu sama, da wuƙar da komai. Ya sake tsawa hannunsa a ƙugu, sai Allah ya ba ni basira na sake ta ta faɗi. A raina na gama sallama da shagona, da suna, da Amurka gaba ɗaya. Sai Mati ya motsa. Ya buɗe ido ɗaya, ya dubi hular ɗan sandan da ta karkace, ya ce da Hausa, "Da saura kaɗan." Allah ya rufa asiri mutumin ba ya jin Hausa.

Takardu kuwa babu wadda babu. Ɗan sandan ya buɗe akwatin, ya shafa ƙotar, ya tambayi wanda ya sassaƙa zanen jikinta. Mati ya nuna ƙirjinsa. Ya tambaye shi dabba nawa ta kashe. Mati ya ce ko ɗaya, mota ce ta riga ta. Mutumin nan ya yi dariya har ya dafa motarmu. Ya rubuta mana izinin tafiya da naman, ya kama ƙafafu muka ɗora.

Muna shiga Bronx, fitila ɗaya a fashe, Mati ya yi magana a hankali.

"Yaya, da Baba yana nan zai karɓi wannan? Ba bindiga ce ta kawo ba."

Na ce, "Ranar da aka haife ka ina da wayo. Zomo ɗaya Baba ya kawo wa Inna, shi ma kare ne ya kama."

Saura kaɗan ya hau kan dakalin titi. Ya ce shekara da shekaru yana fama, har da kuɗin cizo, me ya hana in faɗa masa.

"Ka tambaye ni?"

Liman ya ce in dai barewar ta motsa bayan yanka ta halatta. Na ɗaga masa zane kaɗan na nuna ƙwaurina, bai ƙara tambaya ba. Ni na dafa romon da hannuna, da citta da masoro da kanumfari, na tuƙa tuwon da muciyar nan. Rakiya ta sha kwano biyu tana kuka, uban yana tsaye a bakin ƙofa. Rannan na ga ya dubi abu da ido biyu a buɗe, jikansa da aka sa wa sunan Baba, kuma bai ce komai ya rage ba.

Bindigar ba ta taɓa kashe ko ɓera ba. Da Mati ya rasu bara, Rakiya ta bi ta hukuma aka mayar da ita shagon Baturen. An gaya mini ranar jana'iza liman ya juyo zai ce a gyara sahu, sai ya kasa magana, mutane suka shiga tura ƙafafun juna da kansu.

Cikin waɗanda suka ga wannan zamani, Sa'a tana nan a unguwar Stapleton wurin Rakiya, ƙafa ta hana ta fita. Baturen yana raye, ya tsufa tukuf, duk ƙarshen shekara yana aiko mana da nama, muna karɓa mu ba maƙwabta don ba mu san yankansa ba. Yaron ya shiga makaranta, kuma na lura in zai zuba shayi yana runtse idon hagu. Sai ni, da muciyata.

Allah ya jiƙan Mati, ya daidaita masa makwanci yadda ba zai ga saura ba. Allah ya haɗa shi da Baba, ya ba shi labarin da bakinsa.