Dunduniyar Sarjan Mamman

Cikin duk shekarun aikina, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da aka kawo mini Sarjan Mamman a amalanke.

Lokacin ina majo a wata likitar ƙauye, wato ƙaramin asibiti, cikin yankin Gidan Amumune. Majo shi ne babban ma'aikacin likita: shi ke duba marasa lafiya, ya rubuta magani, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura asibitin Mayahi. Sarjan kuwa tsohon gardi ne, cikin masu kakin tsaro na gwamnati. Shi ya yi ritaya, takalmansa na soja ba su yi ba. Ko masallaci da su yake zuwa, liman ya kai ruku'u shi yana fama da igiya.

Ranar kasuwa ce, bayan girbin gero. Jama'a na biye da amalanken, da maigari, da wani makiyayi mai suna Ja'e da ake riƙe da wuyan rigarsa. Wai sun yi cacar baki a bakin rijiya, Ja'e ya ɗebi ƙasar sawun Sarjan ya yi masa sammu. Maigari ya ce in likita ba ta ga ciwo ba, Ja'e ya kwashe shanunsa ya bar rijiyar. Rani na tafe, wata rijiyar kuma da nisa.

Na ce, "Baba Sarjan, yaya ciwon yake?"

"Wuta ce, majo. Daga dunduniya ta bi tafin ƙafa. Wani lokaci kamar tururuwa na taro a ciki. Wannan ba ciwon Allah ba ne."

"To, a cire takalmi."

"A'a, ta nan dai za ka duba."

Sai da maigari ya sa baki. Da takalmin ya fita, rabin 'yan kallo suka tuna suna da sayayya a kasuwa. Igiya ta yi wa idon sawun zane kamar an ɗaure buhu, ga kumburi, ga tafin ƙafar shimfiɗe, ba lanƙwasa.

Na sa yatsa bayan idon sawu ta ciki, na ƙwanƙwasa a hankali. Sarjan ya zabura ya harbe ni a ƙirji, na zauna cikin bokitin wanke hannu.

Ya ce, "Kuran ka sa mini, wutar lantarki?"

Ina jiƙe na yi bayani. Akwai jijiyar da ke bi ta wannan lungu zuwa dunduniya da tafin ƙafa. Hanyar ƙunci gare ta. In kumburi ko takalmi ya matse jijiyar, sai ta riƙa zogi da kai ƙara.

Maigari ya ce, "To wa ya matse ta?"

Na nuna takalmin. Aka saki rigar Ja'e.

Na ba Sarjan ƙwayoyin rage kumburi, na ce ya huta da yawo, ya sa takalmi mai faɗi da soso a ciki mai tallafe tafin ƙafa. Ya dube ni kamar na ce ya ɗaura zane. Da zogin ya ƙi sauka na tura shi Mayahi. Likitan can ya gwada jininsa ko akwai ciwon suga, bai samu ba, ya yi masa allura a wurin. Ya kuma gaya masa in ya koma wa takalman, sai Maradi, a tsaga a buɗe wa jijiyar hanya. Jin zancen wuƙa ya yi abin da bakina ya kasa.

Ya warke. Ja'e ya shayar da shanunsa har damina. Haƙuri kam Sarjan bai ba shi ba. Cewa ya yi sammun ne ya kuskure shi ya faɗa kan takalman, shi ya sa ya ƙone su a bayan gida, da shaidu.

Abin da na koya, ku masu shiga wannan aiki, ku riƙe shi: mutanenmu ba sa son ciwo marar mai shi. Ka ce musu jijiya ce kawai, za su fita su nemo wanda ya aiko ta. Saboda haka in kun gano ciwo, ku nemo masa mai laifi kafin dangi su nemo, kuma ku zaɓi wanda ba shi da shanu da iyali.